Hayaƙi daga salansa bayan gudu a filin tsere: kada ka yi saurin kwance inji

Ɗan'uwa, ka ce motarka ba ta taɓa yin hayaƙi a kan titi ba, amma da ka shiga da ita filin tsere ka matsa mata lamba, kana tsayawa sai salansa ta fara fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, har kana tsoron ko inji ya tafi. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Duk bakaniken da ya ce a kwance inji tun bai gwada komai ba, kada ka biye masa.

Shuɗin hayaƙi mai warin ƙuna, baƙin mai ne ke shiga inda fetur ke ƙonewa. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi wa iska yawa. Fari mai kauri, wanda ba ya saurin bajewa kuma yana ɗan ƙamshi mai zaƙi, wannan ruwan lagireto ne, kuma shi ne abin tsoro. Tunda naka shuɗi ne, abin nema shi ne ta ina man ya bi.

Inda na fi zargi shi ne hanyar numfashin inji. Kowane inji yana da iskar da ke kuɓucewa ta gefen zoben fistan ta sauka cikin kwanon mai da ke ƙasa. Akwai tiyo da ɗan bawul, wanda ake ce wa PCV, da ke mayar da wannan iska wajen da inji ke shaƙa don ta ƙone, kuma kafin nan akwai wani ɗan akwati da ke raba mai da iska. A tuƙin yau da kullum yana aikinsa lafiya lau. A filin tsere kuwa inji yana daɗewa kusa da jan layi, wato iyakar saurin juyawarsa, iskar da ke kuɓucewa ta ƙaru, man ya yi zafi ya tsinke, sannan a doguwar kwana duk man ya karkata gefe ɗaya ya taru a kan inji, daidai bakin tiyon. Sai akwatin ya kasa, mai ya wuce ya kwanta cikin bututun shaƙar iska. Shi ya sa hayaƙin ke iya ci gaba ko bayan ka rage gudu, domin inji yana ta ƙona ragowar da ta taru. Injinan da silindansu ke kwance, irin na Porsche 911 da Boxster da na Subaru, an san su da wannan, har ma sukan yi ɗan hayaƙi idan aka tayar da su bayan sun kwana, saboda mai yana silalewa ta gefen zobe yayin da motar ke ajiye.

Gwajin ba wuya. Ka bari inji ya huce, ka cire babban tiyon da ke shiga wajen totur, ka shafa farin tsumma a ciki. Ɗan danshin mai ba komai ba ne. Idan kuwa mai ya kwanta har yana ɗiga, ka samo hanyar. Sannan ka tayar da motar, ka bar ta a silo, ka gwada buɗe murfin zuba mai. Idan murfin ya manne kamar ana zuƙarsa da ƙarfi, ko kana jin fito, robar cikin akwatin ta yage, sai a canza shi. Kada ka koma filin da shi a haka, don idan mai ya kwarara da yawa cikin silinda lokaci guda yana iya lanƙwasa sandar fistan.

Kafin ma wannan, ja sandar awon mai a wuri mai shimfiɗe. Mutane da yawa suna ƙara mai ya wuce alamar sama kafin su shiga fili, wai don kada inji ya rasa mai a kwana. Niyyar mai kyau ce, amma sai karanshaf, wato babban ƙarfen da fistan ke juyawa a ƙasan inji, ya riƙa dukan man yana kumfa, kumfar kuma ita ce ke bin tiyon numfashi. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin motoci kusan lita 1 ce, don haka rabin lita a kan alama ba ƙaramin abu ba ne. Ka rage shi ya dawo daidai alamar sama ko ƙasa da ita kaɗan.

Idan motar tana da turbo, wato fankar da ke ƙara cusa wa inji iska, ka tuna yadda ka tsaya. Fitowa daga gudu ka kashe inji nan take yana barin mai ya ƙone a jikin sandar turbo ya zama gawayi, ya toshe bututun da mai ke komawa ƙasa, sai man ya nemi hanya ta salansa. Cire tiyon gaban turbo, ka kama sandar da yatsa ka motsa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi matuƙar fankar ba ta goga jiki, amma motsin ciki da waje da hannu ke ji alama ce ta lalacewa.

In duk waɗannan sun fita tsaf, sai ka sa wani ya bi ka a baya ya lura da lokacin da hayaƙin ke fita. Idan ka ɗaga ƙafa kana gangara da giya, ka sake taka totur sai ya yi buɗus sau ɗaya ya ɗauke, robobin wuyan bawul ne suka bushe saboda zafi. Idan kuwa duk lokacin da ka taka da ƙarfi yake fita, kuma yana ƙaruwa da gudu, zoben fistan ne ake zargi. Nan ne za a cire fulogai a jera su bisa tsarin silinda, a ga wanne ya yi baƙi ya jiƙe da mai, sannan a auna matsin kowane silinda da inji a ɗume. Bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Wanda ya yi ƙasa, a zuba masa mai kamar ƙaramin cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. Idan matsin ya tashi sosai, zobe ne. Idan bai motsa ba, bawul ne ko gaskit.

Ka duba ruwan lagireto ma, amma sai inji ya yi sanyi sarai, kada ka kuskura ka buɗe murfin da zafi. Idan ruwan ya ragu, ko kana ganin kumfa tana tasowa, a yi gwajin nan na shuɗin ruwa da ke komawa ruwan ɗorawa idan iskar salansa ta shiga lagireto. In ya canza launi, ajiye motar, galibi gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone.

Ga abin da nake ganin ya kamata ka yi yanzu: daidaita mai, goge bututun shaƙa, ka yi tafiyar kamar kilomita 30 zuwa 50 a hankali. Idan hayaƙin ya ɗauke kuma mai bai ragu ba, numfashi ne ko yawan mai. Kada dai ka bar hayaƙin ya daɗe, domin man da ke ƙonewa yana kashe katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa, da na'urar auna iskar salansa. Ranar da za ka koma fili, ka sa ido a zafin mai. Daga digiri 90 zuwa 110 na Salsiyas daidai ne, ya kai 130 ka sassauta. Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali, in ka tsaya ka bar inji a silo minti 2 zuwa 3, kuma kada ka ja birkin hannu alhali fayafayan birki suna da zafi, ka sa wa taya waigi.