"Put off": ɗagewa ne, ba kashe fitila ba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin saba jin "put off the light", sai kuma kika ga a tsofaffin tambayoyin WAEC an rubuta "the meeting was put off", kika rasa yadda za a kashe taro kamar fitila. Shekara 11 ke nan ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Daura, kuma ba shekarar da wannan kalma ba ta kayar mini da ɗalibai ba, har da masu ƙoƙarin cikinsu. Abin na damuna ƙwarai, don maki ne ke zubewa a banza.

Ainihin ma'anarta ɗagewa, wato a mayar da abu zuwa wani lokaci. Ki tuna zaɓen 2019. An sa ranar Asabar 16 ga Fabrairu, jama'a sun taho gida daga Kano da Kaduna da Abuja, shi kansa Shugaba Buhari yana nan garin, sai cikin dare hukumar zaɓe ta sanar cewa an ɗage zuwa 23 ga wata. To wannan shi ne "the election was put off for a week". Ba fasawa aka yi ba, an dai matsar da rana. Da fasawa aka yi gaba ɗaya, "call off" za a ce. Misalin da ɗalibaina ba sa mantawa shi ne na aure: in an ɗaga biki zuwa bayan Sallah don ba a gama haɗa lefe ba, "put off" ne, in an mayar da sadaki kuwa, "call off".

Maganar fitila, mu ne muka saba faɗin haka a Najeriya, kuma duk wanda kika gaya wa zai gane. Amma a jarrabawa ki rubuta "turn off" ko "switch off" ga fitila, fanka da rediyo. In wutar itace ce ko kyandir, "put out" ake cewa.

Sai wurin da aka fi yin tuntuɓe, wato ginin jimla. Za ki iya cewa "put off the trip" ko "put the trip off", duk daidai ne. Amma da zarar "it" ta shigo, dole ta zauna a tsakiya: "put it off". Idan kuma aikatau ne ya biyo baya, sai ya ɗauki "ing": "she put off going to the hospital", wato ta yi ta jan ƙafa wajen zuwa asibiti. Kada ki sa "to go" a nan.

Akwai wata ma'anar da za ki ci karo da ita a littattafan labari: abu ya fita daga ran mutum. "The smell put me off the food", warin ya sa abincin ya fita raina. Ki lura, a nan mutumin ne a tsakiya.

Ki gwada haɗa jimla uku da kanki ki turo, zan duba miki bayan la'asar in Allah ya so.