An watsa wa mage tafasasshen ruwa: yaya zan yi jinyarta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wata mage da ke yawo a layinmu, ba ta kowa ba ce. Shekaranjiya aka watsa mata tafasasshen ruwa a gadon baya don ta ɗauki nama a wani gida, yara kuma suka raka ta da jifa. Yanzu tana kwance bayan randa a tsakar gidanmu, gashin wurin ya fara zubewa, tana ɗingisa ƙafar baya ɗaya. Maƙwabta sun ce in shafa mata baƙin mai in jiƙa mata Panadol. Ko hakan zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri, kuma gara da kika tambaya kafin ki yi, domin abubuwa biyun nan kowanne kaɗai yana iya ƙarasa ta.

Panadol guba ne ga mage. Hantarta ba ta iya sarrafa sinadarin farasitamol da ke cikinsa yadda ta ɗan Adam ke yi, sai ya lalata jinin har ya kasa ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe babbar mage: dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Ibuprofen da diclofenac kuwa ƙoda da ciki suke ci. Baƙin mai yana toshe ciwo ya tara ƙazanta, ita kuma mage duk abin da aka shafa mata sai ta lashe, ya ƙare a cikinta. Saboda wannan lasar ne ma ba a wanke mata ciwo da Dettol ko Izal. Man goge baki, manja da toka su ma kada a shafa mata.

Ki fara da kare kanki. Dabbar da ke jin zafi tana cizon mai taimakonta, wannan kuma ba a san ko an taɓa yi mata rigakafin ciwon haukan kare ba, alhali mage ma tana ɗaukarsa. Ki lulluɓe ta da tawul mai kauri ko tsohon bargo har kai, ki tallabo ta ta ƙasa, kada ki ɗaga ta ta wuya ko ta ƙafa. In ta ƙi kamuwa, ki kife ta da kwando, ki zura faifan katako ta ƙarƙashi a hankali. Idan ta cije ki ko ta yakushe ki har jini ya fito, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ki je asibiti a ranar. In kuwa kika ga tana dalalar da miyau, tana kai wa komai cizo, ko muƙamuƙinta ya saki, kada kowa ya taɓa ta, a kira likitan dabbobi.

Sai ki samo babban kwali, ki huda shi ta gefe, ki shimfiɗa tsumma mai tsabta, ki ajiye a ɗaki mai inuwa inda yara ba sa shiga su kaɗai. Ki rufe saman da guntun gidan sauro. Kada ki raina wannan: ƙuda na sauka a ciwo ya yi ƙwai, kafin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ƙarƙashin fata.

Da a lokacin da abin ya faru ne, maganin farko shi ne kwarara ruwa mai ɗan sanyi a wurin na minti 20, ba ƙanƙara ba. Yanzu wannan ya wuce. Abin da ya kamata ki sani shi ne ƙunar mage tana ɓoye kanta. Gashi na rufe ta, sai bayan kwana biyu zuwa biyar ake ganin iyakarta, don haka kada ki firgita in wurin ya ƙara faɗi a 'yan kwanakin nan. Ki duba launinsa. Ja mai ɗanshi, wanda take zabura in an taɓa, ƙuna ce ta sama, tana warkewa. Fatar da ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, baƙa ko fari fat, ba ta ma jin an taɓa, ta mutu ke nan. Za ta ɓamɓare ta bar rami, kuma likita ne zai yanke ta bayan ya yi wa magen allurar barci. Kada ki ja ta da hannu.

Ga yadda ake wankin. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ki bari ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Ki rage gashin da ke gefen ciwon da almakashi, ki zuƙi ruwan a sirinjin da aka cire wa allura ki riƙa fesawa a hankali har dattin ya fita. Ba a gogewa, kuma ba a sa auduga, don zarenta na maƙalewa. Ki tsane da bandejin goz, sannan ki shafa zuma tsantsa siriri, wadda ba a haɗa da sukari ba. Zuma na hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, ba ta bari ciwo ya bushe ya tsage, in ta lasa kuma ba za ta cutu ba. Sau biyu a rana, da sabon ruwan gishiri kullum. Domin hana ta gwaguyar wurin, ki yanka kwali mai laushi kamar mazurari ki sa mata a wuya, ki bar sararin da yatsu biyu za su shiga. In tururuwa ta biyo zumar, ki ɗora kwalin da take kwance a ciki a kan benci.

Duk da haka, ƙunar da ta kai faɗin tafin hannunki ta fi ƙarfin jinyar gida, domin jikin mage kaɗan ne. Ruwan jiki na tsiyayewa ta wurin, ƙoda ta galabaita. Tana bukatar ƙarin ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da maganin zafi irin nata, wanda ake aunawa da nauyinta. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai na koyarwa a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ki kai ta ba tare da jira ba idan ciwon ya fara wari ko fitar da mugunya, ko dasashinta ya yi fari, ko tana haki baki buɗe, ko ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba.

Ƙafar kuma kada a kai ta ɗori. Ɗaurin kara da tsumma yakan matse jijiya, ƙafa ta kumbura ta ruɓe. In tana ɗan taka ta, hutu a kwali ya wadatar. Targaɗe kan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. In ƙafar na lilo, ko tana jan ƙugu, ko ta wuni ta kwana ba ta yi fitsari ba, wataƙila dutse ya sami ƙashin ƙugu ko na baya, sai an ɗauki hoto. Ki ajiye mata yashi a tsohon faranti, shi zai nuna miki ko tana fitsari.

Abinci: dafaffen kifi da aka zare wa ƙaya, kaza ko dafaffen ƙwai, da ɗumi, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Ban da miyar gida, saboda albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini. Madara tana sa yawancin manyan maguna zawo, ga shi ita ruwa take nema. Mage mai kilo uku tana bukatar kusan mililita 150 na ruwa a rana. In ba ta sha da kanta, ki ɗiga mata ta gefen baki da sirinji, kina jira ta haɗiye.

Su kuma mutanen gidan da aka yi wannan aiki, a same su cikin mutunci, ta bakin dattijuwar da suke jin nauyi. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare ba ci ba sha yana cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) kuma ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu. Yunwa ce ta kai ta tukunya, ba maita ba, kamar yadda wasu ke ɗora wa baƙar mage. A rufe nama, a sa 'yan tsaki a akurki da dare, in ta shigo a yayyafa mata ruwan sanyi, za ta fita. Yaran da suka jefe ta kuma ki kira su su riƙa kawo mata ruwa suna canza yashin, amma wanki da ɗaukarta ki bar wa kanki har ta warke.