Wayar injin taya ta yage: a gyara ne ko a sayi sabuwar taya?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna da babura masu caji suka yawaita a titunanmu, tambayoyin gyaransu ma suka biyo baya. Na wannan makon duk a kan injin da ke zaune cikin taya suke.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da keke mai caji, injinsa mai wat 500 ne, a cikin tayar baya yake. Na faɗa rami tayar ta goce, tun daga nan in na murɗa sai ya yi gurnani ya tsaya. Na duba na ga robar wayar da ke fitowa daga tsakiyar tayar ta yage. Mai gyara ya ce injin ya mutu, in sayi sabuwar taya ɗungurungum. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dakata tukuna, kada ka fitar da kuɗin taya. Abin da ka kwatanta ya fi kama da ciwon waya, kuma waya ana canja ta.

Igiyar nan da ka gani wayoyi takwas ne a cikinta, wani lokaci tara. Uku masu kauri, rawaya da kore da shuɗi, su ke kai wuta ga naɗin jan ƙarfen da ke cikin injin. Biyar sirara kuma na wasu ƙananan na'urori uku ne da ake kira Hall, waɗanda ke sanar da kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar batir zuwa injin, inda maganaɗisu yake a kowane juyi. Dukkansu ta cikin ramin sandar tsakiyar taya suke bi su fito. Duk sanda injin ya tura taya gaba, ita sandar baya take neman juyawa, abin da ke riƙe ta kawai shi ne gefunanta biyu da aka dasashe da kuma matsin noti. Noti ya saki, ko bakin firam ya buɗe, sai sandar ta juya ta nannaɗe igiyar, bakin ramin ya yanke ta. Ramin da ka faɗa ƙarasa aikin ya yi.

Kafin a kwance komai, a yi gwaji. Cire batir, ka raba injin da kwantirola, sannan ka juya tayar da hannu ta baya. Ta baya na ce, domin injin da ke da giya a ciki ba ya motsi in an juya shi gaba. In ka ji ta yi nauyi tana tirjewa, biyu daga cikin masu kaurin sun haɗu a inda robar ta yage. Sai a ɗauko mitar awon wuta, a sa ta a awon om, wato ma'aunin yadda waya ke tirje wa wuta. Tsakanin kowace biyu daga cikin ukun ya kamata a ga ƙasa da om 1, kuma awon uku su zo daidai da juna. Tsakanin kowace waya da ƙarfen sandar kuwa bai kamata a ga wata alaƙa ba.

In yankan yana nesa da bakin sandar, kamar taƙi guda, a haɗa a liƙe da dalma, kowace waya da rigarta. In a bakin ramin yake, to babu batun naɗa salatef a ce an gama. Wurin ba shi da sarari, kuma nan ne igiyar ke lanƙwasa kullum. Dole a buɗe injin a zura sabuwa.

Ka tsaya a kan mai gyaran ya yi waɗannan. Ya ɗauki hoton yadda kowace waya ta zauna kafin ya taɓa ta. Ya yi wa murfin alama don ya koma yadda yake. Wajen zare cikin injin ya kula da yatsunsa, maganaɗisun nan yana fizgar ƙarfe da ƙarfin da ke iya datse fata. Ya ɗaura sabuwar igiyar a jelar tsohuwar ya ja, ta haka za ta bi ramin ba wahala, bayan ya goge kaifin bakin ramin. Mahaɗin masu kaurin yana son ƙarfen dalma mai zafi sosai, irin na masu gyaran rediyo bai cika isa ba, sai dalmar ta zauna a sama ba ta ratsa ba.

Kada a rufe murfi sai an gwada na'urorin Hall. Su volt 5 suka sani. In waya mai ɗauke da wutar batir, volt 36 ko 48, ta goge su a wurin yankan, sun ƙone. A ba su wuta, a juya taya a hankali, mita ta nuna kowace cikin siraran sigina uku, ban da ja da baƙi masu kai musu wuta, tana hawa kusan volt 5 tana saukowa. Ɗaya ta ƙi, a canja duka ukun tunda injin a buɗe yake, ba su da tsada. A duba kwantirola ma, haɗuwar wuta irin wannan takan taɓa ta.

Wajen mayar da taya, igiyar ta fito tana kallon ƙasa don kada ruwan damina ya bi ta ya shiga ciki, a toshe bakin ramin da silikon. Sannan ka sa a yanka maka faifan ƙarfe mai kauri da ramin da ya yi daidai da siffar sandar, a ɗaure shi a jikin firam. Shi zai hana ta sake juyawa. In aka bar wannan, sabuwar wayar ma tana kan hanyar tsohuwar.

Tambaya: Malam, wayoyin injina suna yin zafi har robarsu ta fara narkewa in na hau gada da kaya. Wace waya zan saya? Kuma in na sa mai kauri, gudu zai ƙaru? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Alhaji, gudu ba zai ƙaru ba, wannan aikin batir da kwantirola ne. Amma zafin zai ragu. Ka riƙe wannan: in wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafin da take haifarwa ninki huɗu yake yi, shi ya sa hawa da kaya ke dafa ta.

Matsalar ita ce ramin sandar ƙarami ne. Waya mai rigar silikon tana jure zafi har wajen digiri 200, sai dai rigar tana da kauri kuma tana da saurin yankewa. Mai rigar Teflon ita na fi so a cikin sanda, tana jure zafi kamar haka, rigarta siririya ce, don haka jan ƙarfe mai yawa zai samu shiga. Wayar wutar gida kuwa, robarta da wuri take laushi, kada ka yarda a sa maka ita. A lambobin AWG da ake auna kaurin waya da su, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: 12 ta fi 14, 14 ta fi 16. Ka nemi mafi kaurin da za ta shige tare da sirarun ba tare da an tursasa ta ba. Kada kuma a faɗaɗa ramin da injin huji, sandar za ta raunana, nauyinka da na kayanka duk a kanta suke.

Akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka. Kankare silin da wuƙa a gaban mai shago, in ka ga fari a ƙasa, ajiye masa.

Tambaya: An canja mini waya, an haɗa launi da launi, amma injin yana karkarwa yana jan wuta, wani lokaci ya juya baya. An ɓata shi ne? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Malama, da wuya. Kamfanoni ba su haɗu a kan launi ɗaya ba, koren wannan yana iya zama shuɗin wancan. Masu kauri uku da siraran sigina uku suna iya haɗuwa ta hanyoyi 36. A ɗaga tayar sama, a riƙa musanyawa ana murɗawa kaɗan kaɗan, har a samu wadda ke juyawa gaba lami lafiya ba ƙara. Ja da baƙi kada a taɓa su. Wasu kwantiroloji suna da wayoyi biyu, galibi farare, da in an haɗa su na ɗan lokaci suke gano tsarin da kansu, a duba ko taki tana da su. Kada ki hau shi yana wannan karkarwar, kwantirolar ce za ta ƙone.

Tambaya: An buɗe nawa an ga naɗin ciki ya yi baƙi yana warin ƙuna. In kai wa masu naɗin fanka?

Amsa: Wannan kam ya wuce canjin waya. Gwani zai iya sake naɗawa, in ya ƙirga zagayen kowane haƙori da yawan silin da kuma ɓangaren da aka naɗa kafin ya warware. Sai dai zafin da ya ƙona naɗi yakan rage wa maganaɗisu ƙarfi, wannan kuma naɗi ba ya dawo da shi. Tambayi kuɗin aikin, ka tambayi kuɗin sabon inji mai volt da wat irin naka. In aikin ya kai rabi, a nan zan ce ka sayi sabo, ka ajiye tsohon saboda murfinsa da boris.