Amsa Ga Yarona: Dalilin Da Ya Sa Muke Karɓar Shara Tun Daga Ƙofar Gida

Yarona, ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tura ka gida-gida kana raba wa matan unguwa buhunan ware shara, har na ce ka riƙa kwaso busasshen ganye da sharar tsakar gida waɗanda ba a ɗora su a sikeli, alhali tsararrakinka suna wucewa bola kai tsaye su cika kura kafin azahar. Tambayarka tana bisa hanya, kuma amsarta ita ce kayan da aka ware tun daga gida da kayan da aka tono daga bola ba haja ɗaya ba ce, ko da nauyinsu ya zo daidai.

Ka ɗauki kwali ka gani. Idan uwargida ta ninke shi ta jingine a zaure, yana zuwa mana a bushe, mu ɗaure shi mu miƙa wa masu sarrafa shi su yi kiret ɗin ƙwai ko sabon kwali. Wannan kwalin dai, in ya kwana biyu a bola ƙarƙashin ragowar miya da ruwan wanke-wanke, ya sha mai, ya yi laushi, yashi ya manne masa, kuma mai saye zai zaftare kilo saboda danshi ko ya ƙi shi baki ɗaya. Yaron da ya cika kurarsa da wuri yakan turo ruwa da ƙasa ne a matsayin kaya, sai a wurin awo yake gane hakan.

A kan roba zan fi tsawaita maka, domin a nan ne sababbin shiga sana'ar suke yin asara. Ka juya gindin roba, sau da yawa za ka tarar da lamba a cikin ɗan zane mai kusurwa uku, daga 1 zuwa 7, tsarin da masana'antun roba na Amurka suka fito da shi a 1988 kuma duniya ta bi. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, wadda ake niƙawa a mayar da ita zare ko audugar cusa matashin kai. Lamba 2 ita ce ta jarka da robar man shafawa, lamba 4 ta leda ce, lamba 5 kuma ita ce ta yawancin bokitai da kujeru da kwanukan roba. Kowacce da zafin da take narkewa, shi ya sa masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ba sa son a kawo musu su a cakuɗe. Wadda za ka fi yin hattara da ita ita ce lamba 3, ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki, domin gorar ruwa ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250, ita kuwa lamba 3 kafin a kai nan ta ƙone, ta fitar da hayaƙi mai cin ƙarfen inji, ta bar baƙin tabo a cikin narkakken kayan. Guntu kaɗan yana iya jawo a dawo mana da lodi guda, kuma dillalin da aka dawo wa da kaya sau biyu ba ya sake samun farashi mai kyau. Idan lamba ta goge, ka yanki ɗan ɓalli ka jefa a bokitin ruwa: lamba 2 da 4 da 5 suna tasowa sama, lamba 1 da 3 suna nutsewa. Murfin gora ma ba jinsin gorar ba ne, don haka a cire shi a tara daban, a kuma raba farar gora da mai launi, saboda fara ta fi daraja. Duk wannan aiki ne mai sauƙi a kan kaya masu tsabta, amma a kan kayan bola sai ka wanke kafin ma ka iya karanta lambar.

Ƙarfe bai da wannan wahala. Ka riƙe mayen ƙarfe a aljihunka: gwangwanin tumatir da na madara za su kama, gwangwanin lemo na sanholo ba zai kama ba, kuma shi ne mai tsada, domin narkar da tsohon sanholo yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake ƙonawa wajen haƙo sabo da tace shi. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne asalin kaya. Wanda ya kawo maka sabuwar wayar tagulla a yanke, ko murfin kwalbati, ko ƙarfen gada, kada ka ɗora a sikelina ko nawa ne ribar. Irin wannan ne ya zubar da mutuncin 'yan gwangwan a garuruwa da yawa, kuma kayan da aka miƙo maka daga cikin gida ka san mai su.

Sai maganar ganye, wadda na ga ita ce ta fi tsaya maka a rai. Tun kaka da kakanni manoman karkarar Kano suke shigowa birni da jakuna, su sauke itace ko kara, su koma da mangala cike da takin juji, kuma da wannan taki ne gonakin kewayen birni suka daɗe ana noma su shekara bayan shekara ba tare da an bar su sun huta ba. Jujin wancan lokaci toka ce da kashin awaki da ganye da ɓawo. Na yanzu kuwa cike yake da ledar ruwa da fasasshiyar kwalba da mataccen batir, har manomi ya watsa shi a gona, iska ta kwashi ledar ta rataye a kan ƙaya, tumaki su haɗiye su kumbura. Saboda haka taki marar leda ya zama abin nema, kuma masu lambu da masu renon dashe suna biya da daɗin rai idan suka damƙa suka ga babu gilashi a ciki. Ganyen da kake ganin ba shi da nauyi, shi ne hajar da za mu sayar a ƙarshen rani, lokacin kai taki gona.

Haɗa takin yana son kula. Da rani a rami ake yi, a inuwa, don kada iskar hunturu ta busar da shi, da damina kuma a tula shi a kan tudu don kada ruwa ya kwanta masa. Ka shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya ko na mangwaro kashi 2 zuwa 3, ka bi shi da kashi 1 na ɗanyen abu, wato ɓawon kayan miya da ɗanyar ciyawa da kashin dabbobi ko na kaji, ka yayyafa ruwa, ka sake hawa, har tulin ya kai kamar mita 1. Ka damƙi kaɗan ka matse: ya jiƙa maka tafin hannu amma kada ruwa ya zuba. Toka a barbaɗa kaɗan kawai, domin in ta yi yawa tana korar sinadarin da ke sa ganyen shuka ya yi kore. Nama da mai ba sa shiga, saboda ɓeraye da ƙuda. Ka soka sanda a tsakiya, bayan 'yan kwanaki ka zaro ta ka taɓa. Idan aikin ya kama za ka ji ta da zafi sosai, domin cikin tulin yana kaiwa digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In ka ji ta da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan ko ɗanyen abu bai isa ba, in kuma wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, sai a juya a ƙara busasshen ganye. Ana juyawa duk mako biyu, cikin wata 2 zuwa 3 sai ya yi baƙi ya yi laushi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya sauka a kanta. Ganyen mangwaro yana da kauri, yakan ɗan ƙara lokaci.

Ganyen da ba mu kwasa ba, ka san inda yake ƙarewa. Ko a cinna masa wuta da magariba tare da leda, hayaƙin ya cika ɗakunan da jarirai da masu asma suke kwance, ko a tura shi kwata ya haɗu da leda ya toshe ta, ruwan Agusta ya shiga gidajen mutane. Motocin hukumar kwashe shara ta REMASAB ba sa iya shiga kowane lungu, kuma aikin tsabtar muhalli na Asabar ɗin ƙarshen wata ba zai ɗauke sharar kwana talatin ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a cikin unguwannin nan muke zaune da iyalanmu.

Kada ka ɗauka za ka koya wa matan gida wani baƙon abu. Su ne suke shanya ƙanzo su tara, su ware dusa domin dabbobi, su adana toka, don haka da ka nuna musu buhu ɗaya na roba da gwangwani, ɗaya na kwali, ɗaya na ganye, sun gane. Abin da zai sa su ɗore shi ne halinka. Ka fara gaida mai unguwa ya san da zuwanka, ka tsaya a ƙofar zaure ka yi sallama, ka auna a gaban wanda ya fito da kayan yana kallon sikeli, ka biya nan take, kuma ka zo a ranar da ka ce za ka zo. Takardar da ka ga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a jikinta ka cire ta daga cikin kwali ka kawo mini. Allura da sirinji da gwangwanin maganin sauro da batir su shiga wata jarka mai murfi, ba a haɗa su da komai, ba a kuma jefa su a wuta. Gobe kafin ka fita ka karɓi safar hannu a wurina, ka fara da layin bayan masallaci, inda itatuwan darbejiya suka fi zubar da ganye.