Ƙari daban, ninki daban

Wata malamar firamare daga Runjin Sambo a Sakkwato ta aiko da tambaya. Tana koya wa 'yan aji biyar yadda ake mayar da ƙaramar siffa babba ba tare da kamanninta sun canja ba, tana son sanin kalmar da ta fi dacewa: ƙara, faɗaɗa ko ninka.

Malama, ki riƙe ninka. Faɗaɗa daga faɗi ta fito, yaron da ya ji ta zai ja siffar gefe guda ya bar tsawonta yadda yake. Girmama kuwa ta dattawa ce, ba ta shiga nan.

Ƙara ita ce ta fi damuna, domin ita ke jefa yara cikin rami. Ki sa su zana siffa mai kusurwa huɗu a littafin lissafi mai gida-gida, faɗinta gida 2, tsawonta gida 3. Idan kika ce su ƙara biyu, za su kawo miki 4 da 5. Siffar ta kumbura, ta kusa zama murabba'i, wato mai gefe huɗu daidai wa daida, ba ita ba ce kuma. Idan kika ce kowane gefe a ninka shi sau biyu, 4 da 6 za su fito, kusurwoyi suna nan yadda suke. Wannan lambar da ake ninkawa da ita, ni "adadin ninki" nake ce mata, yara kuma suna kama ta da wuri.

Sai dai ki lura, a gida ninkewa suka sani, ta zane ko tabarma, inda abu ke ƙanƙancewa. Ki ninke takarda a gabansu su ƙirga: faɗi ya ragu, amma rubi ya zama biyu. Daga nan ma'anar lissafi ta samo asali.

Kada ki bar su ba su ƙirga gidajen ciki ba. Na siffar farko 6 ne, na wadda aka ninka 24. Gefe ya ninku sau biyu, fili sau huɗu. Da sau uku ne, fili sau tara zai zama.

Kin kuma tambaya ko akwai karin maganar da za ta taimaka. Akwai: "Kama da wane ba ta wane." Hausawa na faɗin ta idan ana son a ɗauki mai kama a matsayin na ainihi. Ki ɗaga siffar farko da wadda aka ninka ki tambaye su me ya sa suka yi kama, me kuma ya hana su zama ɗaya, ki bar su su amsa da bakinsu.