Tambaya da Amsa: Hawan Duwatsun Azbin daga Damagaram

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a nan Damagaram. Ni da abokaina huɗu muna son mu je Azbin mu hau duwatsu da ƙafa, amma an ce mana waɗansunsu masu aman wuta ne. Shin akwai haɗari, kuma wane lokaci ya fi dacewa da tafiyar?

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka game da wuta, domin babu dutsen da ke aman wuta a Azbin a yau. Akasarin manyan tsaunukan irin dutsen nan ne mai ƙarfi da ka saba gani jibge a unguwar Birni, sai dai can ya yi tsawo da faɗi. Daga baya ne narkakken dutse ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa a wurare da dama, musamman a yankin Todra da ke kudancin Azbin, ya sandare ya bar baƙaƙen tuddai masu kama da malfa. Abin da ya rage na wannan zafi shi ne ruwan ɗumi irin na Tafadek, inda mutane ke zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi.

Shawarata ita ce ku nufi Bagazam, tudun da dokin nan mai suna a ƙasar Hausa ya samo sunansa. A kansa ne ƙololuwar Idukal-n-Tagas take, mai tsawon mita 2,022, wadda babu wurin da ya fi ta bisa a duk Nijar. Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisinat, daga nan kuma sai mota mai ƙarfi ta kai ku wajen Tabelot, inda ake barin mota a kama hanyar jakai. Hawan ba ya bukatar igiya, amma yana cin gwiwa, saboda hanyar tsakuwa ce da duwatsu masu kaifi da ke yaga takalmi mara ƙwari. Wanda ya kai sama zai tarar da ƙauyukan Abzinawa da garake na albasa, tafarnuwa da dankalin Turawa, abin da kan ba baƙo mamaki a tsakiyar Sahara. Idan kwanakinku sun isa, ku ƙara da Timiya don ganin ruwan da ke zubowa daga kan dutse da lambunan lemu da rumman.

Lokacin da ya fi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma kada ku auna sanyin can da hunturun Damagaram, domin da dare a kan tudu ruwa yakan kusa daskarewa, don haka bargo mai kauri da rawani wajibi ne. Ku guji damina, tsakanin Yuli da Satumba, saboda ruwan da aka yi a nesa yakan cika korama cikin ɗan lokaci alhali sama tana garau a inda kuke. Saboda haka ne ma ba a kwana a cikin busasshiyar korama, komai laushin yashinta.

Abin da ya fi damuna shi ne tsaro. Yankin ya sha fama da tawaye a shekarun 1990 da kuma daga 2007 zuwa 2009, an binne nakiyoyi a waɗansu hanyoyi, kuma ƴan fashi ba su ƙare ba. Kafin ku bar Agadas, ku je wurin hukuma da jandarma ku ji halin da hanya ke ciki, ku ɗauki ɗan jagora haifaffen wurin, wanda ya san rijiyoyi kuma yake jin Tamashek. Idan suka ce a dakata, ku ɗage tafiyar zuwa wani hunturun.