Amsa ga mai tambaya kan karensa da ƙarar nokawut

Assalamu alaikum. Malam, ni dai tun da na karanta tambayarka zuciyata ba ta kwanta ba. Ka ce kana Barnawa a Kaduna, tun shigowar Disamba yara suka fara fasa nokawut, karenka ya daina cin abinci, sai rawar jiki da tonon ƙarƙashin get, kana tambaya ko ka ɗaure shi da sarƙa ne ko ka nemo masa maganin barci. Don Allah duka biyun kada ka yi. Wallahi na san wannan halin, don haka ka yi haƙuri da tsawon bayanina.

Nawa Duna ne sunansa, ɗan gida ne ba na Turawa ba, baƙi wuluk, ɗan fari kaɗan a ƙirji. Ga gadi, ɓera ma bai isa ya gifta ba. Amma da an fasa abin nan sai ka ga kunnuwa sun kwanta, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, yana haki harshe waje alhali hunturu ake, sanyi har cikin ƙashi. Daren shiga sabuwar shekara, wajen sha biyu, lokacin da gari ya ɗauka gaba ɗaya, yaron maƙwabcinmu ya kunna ɗaya ya wurgo cikin gidana ta kan katanga. Da gangan. Ya san da kare a ciki, don abin dariyarsu ke nan shi da abokansa, su ji yana kuka. A gaban Duna ta fashe. Katangar da ko tsani sai ka yi dabara, ga fasassun kwalabe a kai, haka ya haye ta. Da na haska tocila, jini ne layi-layi a jikin bulo, ga gashinsa a manne jikin kwalba.

Muka kwana muna yawo ni da ƙanena, muna kiran sunansa cikin lungu, ƙara ba ta bari ko muryarka ka ji. Da safe wani mai shayi ya ce mana an kashe mahaukacin kare a bayan layinsu. Muka je. Shi ne. Sun gan shi yana gudu ba ji ba gani, baki na dalala, jiki jina-jina, suka ce haukan kare ne, suka rufe shi da duwatsu da gora. Ban ga laifinsu sosai ba, ciwon haukan kare ba wasa ba ne, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai a yi haƙuri. Amma Duna an yi masa allurar rigakafi, katinsa na nan a durowata har yau. Tsoro ne kawai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne uban yaron. Na je da ladabi, na yi sallama, na faɗa masa abin da ya faru. Yana zaune yana sakace, bai ko gyara zama ba, ya ce mini wai “to kare ne fa, ba mutum ba.” Kare ne, eh. Amma karen nan ne ya yi haushi daren da aka zo kwance masa batirin mota, har ya fito yana mini godiya da safe. Ko kiran yaron bai yi ba ya tambaye shi. Na kai wa mai unguwa, aka ce a yi haƙuri, maƙwabtaka. Na haƙura ɗin, gaisuwa ce kawai tsakaninmu yanzu. Kuma da cikin buhun katifa ko kusa da jarkar fetur ɗin janareto nokawut ɗin ya faɗa fa? Kusan kowace shekara 'yan sanda sai sun fitar da sanarwar hana saye da sayar da nokawut a Kaduna, don a garin nan kowa ya san abin da ƙarar fashewa take sa wa mutane a zuciya, amma ka leƙa kanti a unguwa, yaro zai miƙa kuɗi a ba shi.

To batun sarƙa. Karen da ya firgita bai san yana ɗaure ba. Zai yi ta fizga har wuya ya saɓule, in kuma kusa da katanga ko wani tudu ne ya yi tsalle ya rataye kansa. Kejin ƙarfe a tsakar gida ma ba mafita ba ne, zai yi ta cizon ƙarfen har haƙori ya karye, ga rufin kwano yana ƙara masa amon. Na san yawancinmu ba ma shigar da kare ɗaki saboda najasa, ni ma ban ce ka kai shi falo ba. Amma ai akwai sito, ko gareji, ko ɗakin baya da ba kowa. Wadda nake da ita yanzu, karya ce, tun bayan la'asar nake ba ta abinci mai nauyi, don in ƙara ta fara ba za ta kalli kwano ba. Kafin magariba na kai ta sito. Na shimfiɗa mata tsofaffin buhuna a ƙarƙashin wani tebur, na yafa bargo a kai ya zama kamar kogo, na toshe taga da kwali saboda walƙiyar, na ajiye ruwa. Rediyo nake kunna mata, ƙarami mai batir, don ba a dogara da wuta. Ka fara kai shi wurin tun yanzu da rana, yana cin abinci a can, kada sai daren 24 ko 31 ga wata ya ga an tura shi baƙon wuri an kulle.

Kuma ka daina ganin kamar ragwanta ce. Mu ɗan Adam jinmu bai wuce zangon sauti 20,000 a daƙiƙa ba, kare yana kai wa 45,000 har fiye, kuma bai san dalilin ƙarar ba, bai san yaushe za ta ƙare ba. Kada a dake shi, kada a yi masa tsawa, ka ja wa yaran gida kunne. In ya shige ƙarƙashin mota a ƙyale shi, kada wani ya zura hannu ya jawo shi, a nan ne kare mai hankali yake cizon mai shi. Ka ɗan zauna a bakin ƙofa kana masa magana a hankali, muryarka tana taimakawa.

Maganin barci kuwa, ka rufa wa kanka asiri kada ka je kemis. Na ji masu cewa a murƙushe ƙwaya a tuwo. Paracetamol da ibuprofen da muke sha ba lissafi suna iya lalata wa kare hanta da ƙoda. Ko a magungunan dabbobi akwai wanda ake kira acepromazine, yana kashe jiki ne kawai, karen na kwance yana jin komai, tsoron na nan, gudun ne ba ya iyawa. In abin ya yi tsanani ka je wurin likitan dabbobi tun kafin ranar, shi zai auna nauyinsa ya san abin da zai rubuta. In kana da hali, asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana Zariya, ba nisa.

Af, ka toshe ramin da yake tonawa a get ɗin nan yau-yau, da bulo ko siminti, ba da katako ba. Ka sa masa abin wuya da lambar wayarka a jiki, ko da fenti ne ka rubuta. Ka ɗauki hotonsa a waya. Karen da ya ɓata a wannan watan ba 'yan jifa kaɗai ne matsalarsa ba, akwai masu kamawa su sayar, kasuwar karnuka ta Dawaki a jihar Filato ai sananniya ce. Da safe kuma ka share tsakar gida kafin ka sake shi, ragowar nokawut ɗin akwai albarushi a ciki, 'yan kwikwiyo musamman suna taunawa su yi ta amai.

In lokacin ya wuce, wajen Fabrairu, ka nemo ƙarar a waya ka riƙa kunna masa ƙasa-ƙasa yana cin abinci, kana ƙarawa sannu a hankali. Tawa ta ɗan samu sauƙi da haka, ko da yake ranar da aka yi wani biki a layinmu sai da ta koma sito da kanta. Ka faɗa mana ta wane gefen Barnawa kake, in kusa ne ina da ragowar bulo a gida, ka turo mai Keke ya ɗauka.